Ci da Alƙalami a Jimeta: Tsaraba Ga Ƙannenmu Masu Farawa

   

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu a yau shi ne wata tambaya da ƙannenmu ke yawan yi mini, musamman waɗanda suka gama Jami'ar Modibbo Adama ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Yola, suka dawo gida suna zaman jiran aiki. Sai ka ji yaro ya ce, "Yaya, don Allah da gaske ne mutum zai iya ci da rubutu, ba tare da yana ƙarƙashin wata ma'aikata ba?" Amsar da nake ba su ba ta canzawa: ana iyawa, domin ni kaina da shi nake cefane. Sai dai da sharaɗi guda, wato mutum ya ɗauki rubutun nan kamar yadda iyayenmu suka ɗauki fatauci. Ya san hajarsa, ya san kasuwarta, ya yi ciniki kafin ya miƙa kaya, sannan ya riƙe amana. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, sharhin wannan ne kawai.

Me ya sa maganar ta shafe mu?

Mai karatu ya san cewa Modibbo Adama ne ya kafa Yola a 1841, kuma tun kafin Turawa su ci garin a 1901 fataken Hausawa ke shigowa wannan ƙasa da tufafin Kano da sauran kayan sayarwa. Jimeta kuwa, da yake tana bakin kogin Binuwai, ita ta zama masaukin baƙi da 'yan kasuwa. Ko sunayen wasu unguwanninmu, irin su Alƙalawa, Gwadabawa, Limawa da Yalwa, sun isa su nuna wa mutum cewa harshen Hausa ba jiya ya zo nan ba. Da Yola ta zama hedikwatar jihar Gongola a 1976, sannan ta Adamawa a 1991, sai aka ƙara samun kwararowar jama'a daga Kano, Katsina, Zariya, Sakkwato da sauran wurare.

To amma kowa ya san halin da 'ya'yan da aka haifa a nan ke shiga idan aka zo neman aikin gwamnati ko gurbin karatu, inda akan nemi takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Wani ya samu, wani kuwa a ce masa ya koma garin kakansa, garin da bai taɓa kwana bakwai a cikinsa ba. Ba a Adamawa kaɗai ake wannan ba, haka abin yake a kusan dukkan jihohin Nijeriya. Shi ya sa yawancinmu muka tashi da sanin cewa kasuwa ita ce ofishinmu. Shi kuwa rubutu, babu mai tambayarka takardar asali kafin ya ba ka aikinsa. Abin da zai duba shi ne, ka iya ko ba ka iya ba, kuma za ka kawo a kan lokaci ko ba za ka kawo ba.

Ina kasuwar take?

Galibin masu farawa suna zuwa ne da tunanin littafi. Yaro ya karanta littattafan su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, shi ma yana son ya ga sunansa a bango. Wannan buri ne mai kyau, amma a sani cewa littafi shuka ce mai daɗewa ba ta nuna ba. Mai neman na sabulu da na kati, ga inda ya kamata ya fara dubawa.

Na farko, rubutun buƙata. Babu ranar Allah da wani ba ya neman a tsara masa takardar neman aiki, ko takardar koke zuwa wani ofishi, ko tsarin mulkin ƙungiya, ko jawabin da shugaba zai karanta a taro, ko taƙaitaccen tarihin wanda za a yi wa naɗin sarauta. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, na direbobi, na masu keke napep, na makarantun Islamiyya, duk suna da wannan buƙata. Ni da irin wannan na fara, a wani shagon buga takardu kusa da babbar kasuwar Jimeta, inda mai shagon ke turo mini duk wanda ya zo da magana a baki amma babu ita a takarda. Kuɗin ba su da yawa, amma kullum akwai, kuma nan ne mutum ke koyon sauraron abin da mai aiki ke nufi, wanda shi ne rabin sana'ar.

Na biyu, rediyo. Muna da gidan rediyon jiha na ABC Yola, da Rediyon Gotel, da Fombina FM, ban da gidajen talabijin. Duk tallar da ka ji, da sanarwa, da ɗan wasan kwaikwayo na wayar da kai, wani ne ya zauna ya rubuta. Mai sayar da taki ko maganin sauro da ya sayi minti ɗaya a rediyo yana buƙatar wanda zai cika masa mintin nan da maganar da za ta zauna a kunnen manomin Girei ko matar aure a Luggere. Rubutun rediyo na kunne ne, don haka ka riƙa karanta shi da ƙarfi kana duba agogo kafin ka miƙa.

Na uku, fassara, kuma a ganina ita ce ta fi kowanne tsoka a wannan yanki. Tun daga ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, jama'a suka kwararo Yola, aka buɗe sansanoni irin na Malkohi, Damare da Fufore, ƙungiyoyin agaji na gida da na waje suka shigo. Takardunsu da Turanci suke zuwa, alhali mutanen da ake son isar wa saƙon da Hausa ko Fulatanci suke ji. Haka aka yi lokacin kwalarar Mubi a 2018, da annobar korona a 2020, da ambaliyar 2012 da ta 2022, shekarun da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. A duk waɗannan lokuta an nemi masu mayar da gargaɗi zuwa harshen da talaka zai gane. A nan ne ɗan Jimeta ke da abin da ɗan Kano ba shi da shi, domin da yawanmu mun tashi da Hausa a gida, Fulatanci a unguwa, Turanci a makaranta. Wanda ya haɗa ukun nan, kuma ya iya rubuta su daidai, ba zai rasa mai nemansa ba.

Na huɗu, jaridu da mujallu. Tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, jaridun Hausa ke dogara da masu aiko labarai daga garuruwa. Aminiya, wadda kamfanin Media Trust ya fara fitarwa a 2006, da Leadership Hausa, su ne irin wuraren da mai farawa zai gwada sa'arsa. Sai dai a sani, shafin ra'ayi da na wasiƙu galibi ba a biya. Amfaninsa shi ne sunanka ya fito, ka samu abin nunawa. Abin da edita zai fi duba da idon rahama shi ne labarin da ba zai iya samu daga teburinsa a Abuja ko Kaduna ba: halin masunta a bakin gadar Jimeta, ko yadda farashin shanu ke tafiya a kasuwar Ngurore, ko rayuwar direbobin tashar Jambutu. Kafin ka aika, ka tambaya a fili ko ana biya, kuma nawa.

Na biyar, ƙagaggun labarai. 'Yan uwanmu mata sun fi mu nisa a nan, domin da yawa suna rubuta labari kashi-kashi a waya, su saki farkonsa kyauta, mai son ci gaba ya biya ta banki a sa shi cikin zauren WhatsApp. Akwai kuma gasa, kamar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarin da ya shafi rayuwar sansanin gudun hijira. Abin lura a nan shi ne kada marubuci ya ajiye dukkan hajarsa a rumfar wani. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu, an rufe shi a Nuwamban 2023. Don haka ka riƙe ainihin rubutunka a wurinka, ka kuma riƙe lambobin masu karatunka.

Na shida, aikin ƙasashen waje ta intanet, a wurare irin su Upwork da Fiverr, inda akan nemi masu fassara, masu gyara rubutu, da masu mayar da sautin magana zuwa rubutu. Biyan da dala ne, kuma tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023 ɗan abin da ka samu yakan yi auki idan an canza. Amma gasar tana da zafi, kuma sai ka tanadi hanyar karɓar kuɗin tun kafin ka karɓi aikin. Ka kuma riƙe wannan: duk wanda ya ce sai ka biya kuɗin rajista kafin ya ba ka aiki, ɗan damfara ne. Ba a taɓa yin leburan da ke biyan mai gini ba.

"Ai Hausa ce kawai"

Wannan ita ce kalmar da ta fi kowace cutar da marubucin Hausa a garin nan. Da yake kowa na jin Hausa, sai ake ganin rubuta ta ba aiki ba ne. Mutumin da ba zai taɓa ce wa tela ya ɗinka masa riga kyauta ba, shi ne zai kawo maka shafi ashirin ya ce ka ɗan juya masa.

Akwai wani Alhaji, abokin mahaifina ne tun suna samari, da ya kira ni a kan in mayar masa da tsarin mulkin ƙungiyarsu daga Turanci zuwa Hausa. Bayan mun gaisa na duba takardun, sai na faɗa masa abin da zai biya. Ya dube ni ya ce, "Haba ɗana, ai Hausa ce kawai. Ko yaron shagona zai iya." Na ce, "Haka ne Baba, Allah Ya ƙara girma. Amma da yaron zai iya, ai da ba a aiko a kira ni ba. Kwana uku zan yi a kansa, kuma idan aka samu saɓani a ƙungiya, wannan takarda za a buɗe." Ya yi dariya ya ce, "Ɗan gidan fatake ba ya ɓata." Muka daidaita, na rage masa saboda girmansa, ya ba da rabi nan take. Daga baya shi ya haɗa ni da wasu ƙungiyoyi biyu.

Ba kullum ake dacewa haka ba. Akwai wata ƙungiya da ta karɓi aikin fassara daga hannuna da takardar yarjejeniya da komai, amma sai da na yi wata biyar ina sintiri kafin cikon kuɗina ya fito. Abin da ya fitar da su kuwa ita ce takardar nan. Don haka ga ƙa'idojin da nake bi, kuma nake ba kowane mai farawa shawarar ya bi.

A yi ciniki kafin a ɗauki alƙalami. Idan ka gama aiki sannan ka ce "a ba da abin da ya sauwaƙa", to abin da ya sauwaƙa ɗin shi ne "Allah Ya saka da alheri". Addu'a abin so ce, amma mai gidan haya ba ya karɓarta.

A ƙirga aiki da kalma ko da shafi, ba da ido ba. Kwamfuta da waya duk suna ƙirga kalmomi. Ka san kalma nawa kake iya fassarawa a yini ba tare da ka yi aikin gaggawa ba. Ni dai ba na wuce 1,500 zuwa 2,000 idan ina son aikin ya yi kyau. Sai ka lissafa kuɗin data, da na cajin waya ko man janareto, da na keke napep zuwa da dawowa, ka ɗora ladan yininka a kai. Wanda ya taɓa zama a ɗaki a watan Maris ko Afrilu a Yola, zafi ya haura digiri 40 ga babu wuta, ya san cewa yinin nan ba na banza ba ne.

A karɓi rabi kafin a fara, ciko idan an miƙa. A kuma rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai, ko da a saƙon waya ne: wane aiki, nawa, yaushe, kuma gyara sau nawa. Wannan ba rashin yarda ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana.

A fayyace mai mallakar rubutun. Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023. Idan labarinka ne na ƙirƙira, kada ka sayar da shi ɗungurungum ga mai fim ko mai karantawa a YouTube alhali kana iya ba shi izinin amfani na wani lokaci kawai.

Jarin da ake buƙata

Ba a fatauci babu jari, kuma jarin marubuci shi ne harshensa. Jin Hausa daban, rubuta ta daban. Hausarmu ta Jimeta tana da daɗinta, amma mun san mukan haɗa namiji da mace a magana, mu ce "mota ya zo", mukan kuma cusa kalmomin Fulatanci ba mu sani ba. A hira wannan ba laifi ba ne, kuma idan talla ce ta 'yan gari, wani lokaci ma ita ta fi shiga. Amma editan jarida ko kamfanin waje daidaitacciyar Hausa yake nema. Dole ka san bambancin ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b, domin "ƙafa" ba "kafa" ba ce, "ɓata" kuma ba "bata" ba ce. Dole ka san inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta. Ka nemi Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, ka sa madannin Hausa a wayarka, ka riƙa karanta rubutun waɗanda suka iya. Ka kuma samu wani babba da zai riƙa duba maka aiki da jan biro, kamar yadda yaron shago ke zama gaban maigidansa shekaru kafin a sallame shi.

Wasu kan ce ai yanzu na'ura na fassara, me ya rage wa mutum? Gaskiya ne Google Translate ya sa Hausa tun 2013, ya ƙara Fulatanci a 2024, kuma manhajojin zamani suna rubutu cikin ƙiftawar ido. Ƙananan ayyuka da dama sun tafi, ba za a ɓoye wannan ba. Sai dai har yanzu mai hankali ba zai buga saƙon yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa ba tare da mutum ya duba ba. Aikin yana komawa ne wajen wanda zai iya ganin kuskuren na'ura ya gyara, kuma wannan sai wanda ya fi na'urar sanin harshen.

Abin da ba a sayarwa

Akwai ayyuka biyu da ke kawo kuɗi da wuri, waɗanda nake roƙon ƙannena su nisance su. Na farko shi ne rubuta wa ɗalibai kundin kammala karatu. Taimaka wa mutum ya gyara Turancinsa ko Hausarsa halal ne, amma ka rubuta masa ya sa sunansa ya karɓi shahada, wannan ha'inci ne, kuma wata rana shi ne zai koyar da ɗanka.

Na biyu shi ne zama sojan baka. Idan kakar zaɓe ta zo, kamar yadda muka gani a 2019 da 2023, akan nemi matasa masu iya rubutu a ba su 'yan kuɗi su riƙa zagi da ƙage a Facebook. Rubuta wa ɗan takara manufofinsa aiki ne kamar kowane aiki, amma ƙage da tunzura jama'a wani abu ne daban. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta kai mutane da dama gaban kotu saboda abin da suka rubuta, kuma idan aka kama yaro, wanda ya sa shi ba ya zuwa beli. Ban da wannan ma, mu tuna inda muke zaune. Adamawa jiha ce mai ƙabilu da addinai da yawa, muna cuɗanya da Fulani, Bachama, Bata, Chamba, Kilba, Margi, Higgi da sauransu a kasuwa ɗaya da makaranta ɗaya. Idan ɗanmu ya rubuta maganar banza, ba za a ce wane ne ya rubuta ba, cewa za a yi "Hausawan nan". Zaman lafiyar da iyayenmu suka gina da gaskiya a ciniki, bai kamata a rushe shi saboda kuɗin kati ba.

Kammalawa

Daga ƙarshe, kada wanda ya karanta wannan ya ajiye sana'arsa gobe ya ce ya zama marubuci. Watannin farko ba sa ciyar da mutum. Idan kana koyarwa a makarantar kuɗi, ko kana taya Baba zama a shago, ka ci gaba, ka ware awa biyu bayan sallar asuba kafin gari ya ɗau zafi. Ka tanadi samfuri uku masu kyau: fassara ɗaya, talla ɗaya, labarin gari ɗaya. Ka kai su shagunan buga takardu, da gidajen rediyo, da ofisoshin ƙungiyoyi, ka bar lambarka. Aikin farko ka yi shi kamar ba za ka sake samun wani ba, ka kuma kai shi kafin ranar da ka yi alkawari. A garin nan labari ba ya kwana, na kirki da na tsiya duka.

Ga iyayenmu da yayyenmu masu shaguna da ƙungiyoyi kuma, ina roƙo da girmamawa: idan kun sa yaro rubutu, ku biya shi kamar yadda kuke biyan tela da makaniki. Ta haka ne za mu samu masu rubuta tarihinmu da koke-kokenmu daga cikinmu, ba sai mun jira wani ya zo daga nesa ya faɗi ko mu su wane ne ba.

Allah Ya sa albarka a neman kowa, Ya ba ƙannenmu abin yi na halal, Ya zaunar da Adamawa da Nijeriya lafiya. Sai mun sake saduwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.